Abincin Laka da Jijiya ga Masu Wasannin Ƙarfi a Wudil

Gabatarwa

Dambe da kokawa suna cikin tsofaffin wasannin ƙarfi na Hausawa, waɗanda aka saba yi da kaka bayan an kawar da amfanin gona. A wannan zamani an sami ƙarin na uku, watau ɗaga ƙarfe, wanda samari suka runguma a birane da manyan garuruwa. Tare da shi ne ƙwayoyi da gwangwanayen garin ƙarin kuzari suka cika kantunan magani, ana tallarsu da cewa suna ƙarfafa jijiya. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da jijiya ke bukata domin ta yi aikinta, sa'an nan ta auna waɗannan ƙwayoyi da abincin da ake samu a Wudil.

An zaɓi Wudil ne saboda dalilai biyu. Na farko, garin yana bakin kogi a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, yana da masunta, yana kuma da babbar kasuwar shanu da ke ci ranar Juma'a, ga mahauta, waɗanda tun asali su aka sani da dambe. Na biyu, gari ne na matasa majiya ƙarfi, domin a nan ne Makarantar Horar da 'Yan Sanda take, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha wadda aka buɗe a 2001, aka kuma sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022.

Ma'anar Jijiya da Laka

Kalmar jijiya tana da faɗi a Hausa. Da ita ake kiran hanyar jini, da ita ake kiran igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, har wa yau da ita ake kiran siririn zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. Wannan ta ukun ita ake nufi a nan. Tana fitowa ne daga laka, wadda ta bi ta cikin ƙashin baya. Idan Bahaushe ya ga mutum sanyi-sanyi sai ya ce ba shi da laka, kuma ilimin likita ya gaskata wannan magana, domin tsoka komai girmanta ba ta motsi sai laka ta aiko mata da umarni.

Lokacin da ɗan dambe ya kai naushi, saƙon yakan bi ta jijiya da saurin da kan kai mita 100 a daƙiƙa guda. Masana sun tabbatar cewa ƙarfin da sabon mai ɗaga ƙarfe ke samu a makonnin farko, yawancinsa daga jijiya yake, saboda tana koyon tayar da zaruruwan tsoka masu yawa a lokaci ɗaya, tun kafin damtse ya ƙara kauri. Ke nan wanda ya kula da tsoka ya manta da jijiya ya yi rabin aiki.

Abubuwan da Jijiya ke Bukata

Na farko shi ne bitamin B1, wanda ke taimakon jijiya ta sami kuzari daga abinci. A 1897 wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Eijkman ya nuna, a tsibirin Jaba, cewa kajin da ake ciyarwa da farar shinkafa zalla ƙafafunsu kan shanye, amma sukan warke idan an ba su dusarta. Darasin da ke nan shi ne, wannan bitamin yana zaune a bayan ƙwayar hatsi. Surfe mai tsanani yana zubar da shi cikin dusa, yawan kanwa a tukunyar wake kuma yana kashe shi. Shinkafar gida da ake turarawa kafin a casa ta ta fi riƙe shi, haka nan ana samun sa a wake da gyaɗa.

Na biyu shi ne bitamin B12. Jijiya tana da riga ta kitse, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki, kuma wannan bitamin ne ke kiyaye rigar. Idan ya yi ƙaranci, mutum yakan ji hannu da ƙafa suna mutuwa, tafiya ta riƙa tangaɗi, jini ya ragu. A 1926 likitoci biyu a Amurka, Minot da Murphy, suka ceto masu wannan cuta ta hanyar ciyar da su hanta. Abin da babba ke bukata a yini bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram ba, kuma yana cikin hanta da nama da kifi da ƙwai da nono, amma babu shi a hatsi ko ganye. Yankan hanta ɗaya a mako daga teburin mahauci ya wadatar.

Na uku su ne gishirin jiki, watau sodiyam da fotashiyam da kalsiyam da magniziyam. Shige da ficen sodiyam da fotashiyam ta bangon jijiya shi ne ainihin saƙon da take ɗauka, kalsiyam kuma shi ne ke miƙa saƙon ga tsoka. Mai wasa a zafin bazara yana zubar da sodiyam cikin gumi, don haka yana bukatar ruwa da abinci mai ɗan gishiri. Magniziyam, wanda namiji ke bukatar kimanin miligiram 400 a yini, yana da yawa a riɗi da gyaɗa da wake da gero. Dabino da dankali suna ba da fotashiyam, nono da zogale da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu suna ba da kalsiyam.

Idan aka dubi wannan jeri za a ga cewa ƙwaryar fura da nono, da ɗanwake, da kantun riɗi, da romon tarwaɗa ko karfasa, sun tattara kusan dukkan abin da ake nema. Lalle Bahaushe ya yi gaskiya da ya ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ƙwayoyin Kanti: Amfani da Haɗari

Ƙwayar bitamin tana da amfani ga wanda likita ya auna ya ga yana da ƙarancinsa. Ga wanda abincinsa ya cika kuwa, ƙarin ba ya ƙara masa ƙarfin naushi. Wani lokaci ma yakan jawo cutar da ake gudu. Alal misali, jiki na bukatar ƙasa da miligiram 2 na bitamin B6 a yini, amma akwai ƙwayoyin jijiya masu ɗauke da miligiram 100 ko fiye. Tun 1983 likitoci suka bayyana cewa yawan shan wannan bitamin na tsawon watanni yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa.

Abubuwa biyu ne bincike ya fi tabbatar da amfaninsu ga masu wasan ƙarfi. Ɗaya shi ne kiriyatin, wanda ke cikin nama da kifi, ana kuma sayar da garinsa. Giram 3 zuwa 5 a yini yana taimakon tsoka wajen yunƙuri mai tsanani na ɗan lokaci. Ɗayan shi ne kafeyin, wanda ke farkar da ƙwaƙwalwa, ya rage jin gajiya. Hausawa sun daɗe da saninsa a cikin goro da shayi, kuma hukumar duniya mai hana shan ƙwayoyi a wasanni ta cire shi daga jerin haramtattu a 2004. Sai dai idan ya wuce miligiram 400 a yini yakan kawo rawar hannu da bugun zuciya, ya kuma hana barci, alhali da barci ne jijiya ke murmurewa.

Akwai kuma matsalar algus. Wani bincike da aka yi a birnin Kolon na Jamus, aka buga a 2004, ya gwada kayan ƙarin kuzari 634 daga ƙasashe 13, ya tarar kusan kashi 15 cikin ɗari suna ɗauke da sinadaran kumbura tsoka da ba a rubuta a jikin kwalba ba. Saboda haka ya kamata mai saye ya duba lambar hukumar NAFDAC, ya kuma guji kayan da ake tallarsu a faranti cikin rana.

Mafi muni shi ne taramol, wanda wasu ke sha domin kada su ji zafin duka ko nauyin aiki. Wannan maganin kashe ciwo ne mai ƙarfi, yana sa jaraba, yawansa kuma yana kawo farfaɗiya. Tun daga 1 ga Janairu 2024 hukumar duniya ta haramta shi lokacin gasa. Haɗarinsa ga ɗan dambe biyu ne, domin zafi gargaɗi ne daga jijiya, kuma wanda ya toshe gargaɗin zai iya komawa turmi na gaba da rauni a ƙwaƙwalwa bai sani ba. Babu ƙwaya ko gari da aka tabbatar yana kare ƙwaƙwalwa daga illar naushi. Wanda aka kashe a fage har ya suma, abin da yake bukata shi ne hutu da ganin likita kafin ya sake ɗaura zare.

Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta nuna cewa ƙarfin ɗan wasa yana farawa ne daga laka da jijiya, kuma abin da suke bukata yana nan a kasuwar Wudil da bakin koginta a kan farashin da bai kai na gwangwanin kanti ba. Aikin da ya rage yana wuyan iyayen gidan 'yan dambe da masu koyar da ɗaga ƙarfe, su ne ya kamata su tsare yaransu da abinci mai kyau da isasshen barci, su kuma tura wanda hannunsa ke mutuwa asibiti. Ɗaliban Hausa su ma suna da nasu rabo, domin muddin kalma ɗaya ce ke ɗauke da ma'ana uku, mai talla zai ci gaba da sayar da maganin jijiya ba tare da ya faɗi wace jijiya yake nufi ba.