Idan Hannu Ya Sage a Kan Babur

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ƙarar babura a tasha, a sassauta)

 Shirinmu na musamman na yau na masu babur ne: ɗan acaɓa a nan Najeriya, ɗan kabu-kabu a Maraɗi da Damagaram, malamin makarantar da ke tafiya mai nisa kullum zuwa ƙauyen da aka tura shi, da manomin da ke ɗauro buhu biyu daga gona. Har da direbobin A-daidaita-sahu, domin tun da aka hana acaɓa a birnin Kano a farkon shekarar 2013, da yawa daga cikin masu sana'ar can suka koma, kuma shi ma kan babur gare shi, da totur a hannun dama.

Duk wanda ya saba hawa acaɓa ya sha ganin wannan: an tsaya a danja, sai mai babur ya saki totur, ya yarfa hannunsa, ya dunƙule ya buɗe, ya buga shi a cinya. Ka tambaye shi, ya ce hannun ne ya sage, ko ya ce minjirya yake yi, kamar ana tsira masa allura. In ka ce me ya kawo haka, ya ce sanyi ne, ko gajiya ce, kowa ma yana ji. Wannan "kowa ma yana ji" ita ce ta sa muka shirya wannan shiri. Hannun dama shi ke riƙe da totur, shi ke riƙe da birkin gaba, kuma mafi yawan ƙarfin tsayar da babur daga birkin gaba yake fitowa. Hannun da ba ya ji bai san iya matsar da ya yi wa birki ba. Ranar da yaro ya fito da gudu daga lungu, ko dai ya matsa da sanyi-sanyi babur ya ƙi tsayawa, ko ya damƙe gaba ɗaya tayar gaba ta zame. A bayansa kuma akwai matar wani da goyo.

To me ke faruwa a cikin hannun? Jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga yatsu zuwa ƙwaƙwalwa, biyu daga cikinsu sai sun ratsa wurare masu matsi a wuyan hannu. Ta farko tana bi ta wata 'yar kafa a tsakiyar wuyan hannu, ƙasusuwa a ƙasa, wani tantani mai tauri a sama, kuma ba ita kaɗai ba ce a ciki, tare take da igiyoyin tsoka guda 9 da ke lanƙwasa yatsu. Ita ce ke kula da babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da rabin yatsan zobe. Ta biyu tana bi ta gefen tafin hannu, ɓangaren ƙaramin yatsa, ta wata kafa da wani likita Bafaranshe mai suna Guyon ya bayyana a 1861. Ita ke kula da ƙaramin yatsa da ɗaya rabin na zobe. Ita ce kuma wadda in ka bugi gwiwar hannunka da bakin ƙofa za ka ji kamar lantarki ya ja ka har ƙaramin yatsa.

Saboda haka, malam mai babur, gobe in hannun ya fara, ka lura da yatsun da suka sage. In babban yatsa ne da biyun da ke binsa, wuyan hannunka ne a tanƙware, ko dai ya karye ƙasa kana murza totur, ko ya ɗage sama kana miƙa yatsu wajen kuloci. In ƙaramin yatsa ne da maƙwabcinsa, nauyin jikinka ne ka jingina a kan gefen tafin hannu. Kamar dai ƙafar wanda ya daɗe a zaune a kan tabarma wajen wa'azi ce: an danne jijiya, an rage mata jini, ta daina kai saƙo. Bambancin shi ne wancan yakan gyara zama, kai kuwa kana nan a zama ɗaya daga asuba har la'asar.

Abu na biyu shi ne karkarwar inji. Baburanmu, ko Bajaj ne, ko Jincheng, ko TVS, ko Haojue, kusan duk fistin ɗaya gare su, kuma irin wannan inji ɗabi'arsa ce ya yi ta zirr, ta bi ƙarfe ta fito a kan babur ta shiga tafin hannu. Wannan ba sabon ciwo ba ne a wurin likitoci. Tun 1911 wani likita ɗan Italiya mai suna Loriga ya rubuta yadda yatsun masu riƙe injin fasa dutse ke yin fari su mutu. A 1918 Dakta Alice Hamilton ta je wuraren sassaƙa dutse a jihar Indiyana ta Amurka, ta ga haka a hannun ma'aikata, ta kuma gano abubuwa uku da ke haɗuwa su kawo shi: karkarwa, da riƙo da ƙarfi, da sanyi. A shekarun 1980 likitoci a Japan suka duba masu raba wasiƙu a kan babur, suka tarar da irin wannan matsala a hannun wasunsu. A 2002 Tarayyar Turai ta kafa doka da ta iyakance yawan karkarwar da hannun ma'aikaci zai sha a aikin awa 8. Ɗan acaɓarmu yana wuce awa 8 a kan babur, a hanyar gargada, ba mai auna masa komai.

Ku duba abubuwa ukun nan na Dakta Hamilton, sannan ku tuna da safiyar hunturu, mutum ya fito kafin rana ta ɗago, ba safar hannu, iska na dukan yatsu, ya ƙanƙame kan babur. Duka ukun sun haɗu. Don haka wanda ya ce sanyi ne bai yi ƙarya ba, sai dai kashi ɗaya cikin uku ya faɗa. Mai shan taba kuma ya ƙara na huɗu, domin taba tana tsuke jijiyoyin jini, yatsu kuwa su ne ƙarshen inda jini ke kaiwa.

(Kiɗa kaɗan)

Abin da ya faranta mini rai game da wannan matsala shi ne yawancin gyaranta ba ya cin kuɗi. A fara da riƙo. Kan babur ba ya bukatar a shaƙe shi. Ka riƙe shi daidai yadda ba zai kuɓuce ba, ka matse tanki da gwiwoyinka, ka zauna da ƙarfin bayanka, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Hannun da aka miƙe sanƙarau, duk ramin da taya ta faɗa a wuyan hannu yake ƙarewa.

Sannan ka je wurin bakanike da wata bukata da ba a saba kai masa ba. Ka hau babur ka zauna yadda kake zama, ka miƙa yatsunka a kan birki da kuloci. In sai ka ɗaga wuyan hannu kafin ka kamo su, a sassauta notin, a sunkuyar da su kaɗan, har yatsu da bayan hannu da sangalin hannu su zama layi ɗaya. Aikin minti biyar ne. In kuloci ya yi tauri, a sa wa wayarsa mai ko a canja ta, don a cunkoson kasuwa ba iyaka sau nawa ake matsa shi. In babur ya taɓa faɗuwa aka miƙar da kansa da guduma, a duba, domin kai mai karkata yana sa hannu ɗaya ɗaukar nauyin biyu. Robar riƙo da rana ta ƙona ta yi tauri, a sake ta. Wasu babura suna zuwa da ɗan ƙarfe mai nauyi a ƙarshen kan, hagu da dama, wasu na ɗauka ado ne, in ya faɗi ba sa mayarwa, alhali aikinsa rage karkarwa. A ɗaure notikan da ke riƙe da inji, a duba sarƙa, a duba ko wili ya lanƙwashe. Iskar taya kuma akwai adadin da kamfani ya rubuta, galibi a wata takarda da ke manne kusa da sarƙa. Mai faci yakan cika ta tam don a ji daɗin lodi, tayar gaba kuwa in ta yi tauri ba ta shanye komai, sai ta miƙa wa hannu. Haka nan barin inji yana kuka a ƙaramar giya, ƙara karkarwa yake yi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato lodi. In aka ɗauki fasinja biyu ko uku, mai babur ne ke matsawa gaba har ya hau tanki, sai duk nauyinsa ya koma kan tafin hannu. In aka aza buhu a kan tanki ko aka rataya jarkoki a kan babur, haka zai tafi yana kokawa da kan har ya isa. Na san abin da za a ce: man fetur ya yi tsada, ga balas na jira da yamma. Gaskiya ne. Amma a nan ina da magana da iyayen gida masu ba da babur haya. Wanda ya karɓi balas kullum, ya ƙi sakin kuɗin gyaran shokazoba ko na robar riƙo, ya sani da hannun yaron nan ake biyan abin da ya ƙi kashewa. Yaron zai bar maka babur wata rana, hannun kuma da shi zai tafi gida.

Hutu ma magani ne, ko na minti biyar bayan kowace awa. Ka sauka, ka buɗe yatsu, ka juya wuyan hannu, ka juya kafaɗa da wuya. Lokutan salla sun riga sun raba mana yini, a ƙara na tsakaninsu. Safar hannu mai ɗan laushi a tafi tana taimakawa, amma wadda ta matse ƙara matsalar take yi, haka agogo ko carbin da aka naɗe tam a wuyan hannu. Abu biyu ne nake roƙo kada a yi. Kada a ɗaure totur da roba don a huta da murzawa, domin dole ne ya koma da kansa da zarar an sake shi. Kuma kada a ɗumama hannun da ya sage a bakin wuta ko a jikin salansa, don fatar da ba ta ji takan ƙone mai ita bai sani ba. Ƙwaya kuwa, musamman tiramadol, rufe bakin ciwo take yi, jijiyar na can a danne.

(Kiɗa kaɗan)

Yanzu ga inda nake so a kasa kunne sosai. Sagewar da ta tafi bayan an sauka da 'yan mintuna, gyaran zama da na babur sukan ishe ta. Wadda ta bi ka gida kuwa, tana tashe ka da dare kana yarfa hannu, ko maɓallin riga ya fara gagarar ka, ko kofin shayi yana kuɓucewa, ko ka ga naman gindin babban yatsa yana lotsawa, wannan ta asibiti ce, kuma da wuri. Jijiya tana warkewa, amma a hankali ƙwarai, wadda ta lalace kimanin milimita 1 take tsirowa a rana, kuma in an bar ta a danne shekara da shekaru, ba lallai ƙarfin hannun ya dawo duka ba. Da farko likita kan ba da wani maɗauri da ake kwana da shi don wuyan hannu ya zauna a miƙe, ko a tura mutum sashen gashin ƙashi. In abin ya yi nisa akwai 'yar tiyatar da ake buɗe wa jijiyar hanya, sau da yawa hannun kaɗai ake kashewa. Asibitocin koyarwa da irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano sun san wannan aiki.

Wani lokaci kuma babur tona asiri kawai ya yi. Ciwon suga yana cin jijiyoyi, galibi daga ƙafa yake farawa, don haka wanda tafin ƙafarsa ma ke sagewa ya je a gwada jininsa. Matsalar ƙashin wuya takan sauko ta kafaɗa har yatsu. Wanda kuma ya ga wani tabo a fatarsa da ya fi sauran jiki haske, in an taɓa ba ya ji, ga ƙaramin yatsa na sagewa, ya nuna wa ma'aikacin lafiya ba tare da jin kunya ba, domin kuturta haka take farawa. Tana warkewa da magani na wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke samar da maganin kyauta.

Na ƙarshe ba ya jiran gobe. In hannu ya mutu farat ɗaya, tare da ƙafar wannan ɓangaren, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. In kuma hannun hagu ne, ga nauyi a ƙirji ga gumi, zuciya ce ake tsoro. 'Yan'uwa na tasha, in kun ga haka a jikin ɗayanku, kada a tsaya shafa man zafi, kada a ce ya kwanta ya huta, kuma kada a bar shi ya tuƙa kansa. A sa shi a mota a kai shi asibiti mafi kusa nan take, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara, don shi ne farkon abin da likita zai tambaya.

A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah ya tsare hanya, ya ba da sa'a. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)