Bayan Aski, Sai Bintu Sudan

A Ladji, kamar sauran wuraren da Hausawa ke zaune a Kwatano, safiyar Juma'a ta wanzamai ce. Wanzami zai jiƙa kai, ya wasa aska, ya yi aski ya gyara gemu, sannan ya goga alif. Alif ɗin nan da muke tace ruwa da shi yana tsuke fata, yana tsai da jinin ƙaramin yanka. Daga nan sai a shafa man kaɗanya, a rufe da turare. Haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi.

Samarinmu kuwa sun fi son ruwan bayan aski irin na Faransa, wanda ake samu a kasuwa. Galibinsa akwai barasa a ciki, shi ya sa yake raɗaɗi a fuska. Malamai sun saɓa kan hukuncin salla da irinsa, amma dattawa da yawa suna gudunsa.

Turaren dattawan shi ne Bint El Sudan, wanda muke kira Bintu Sudan. Kamfanin W. J. Bush na Landan ya fito da shi a 1920, bayan wani ma'aikacinsa, Eric Burgess, ya komo daga Sudan da samfurin kayan ƙamshi. Mai ne, babu barasa a cikinsa, abin da ya sa ya karɓu wurin Musulmi ke nan. Daga baya aka riƙa ɗura shi a Kano, fatake suna kawo mana.

Mun gwada shi bayan aski Juma'a huɗu a jere. Ɗigo biyu sun isa, a gemu da bayan kunne. Bai yi mana raɗaɗi ba, kuma har la'asar ƙamshinsa yana jikin riga. Sai dai shi turare ne kawai, ba ya aikin alif, don haka kada a sa shi kan yanka. A kuma yi hattara da jabu, domin abin da ya yi suna ba ya rasa masu kwaikwayo.

Abin da ya fi turare muhimmanci shi ne askar kanta. Aska ɗaya a kan mutum goma tana iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau, kuma babu ƙamshin da ke kashe su. Kowa ya tafi da sabuwar rezarsa, ko ya ga an tafasa askar a gabansa. Allah ya kiyashe mu.