Kwalliyar Mota da Kuɗin Sabulu: Darasi daga Hanyar Sokode zuwa Dapaong

Babbar hanyar Togo mai lamba 1 ta taso daga Lome, ta ratsa Sokode bayan kimanin kilomita 340, ta haura duwatsun Alejo, ta wuce Kara da Mango, ta isa Dapaong kafin iyakar Burkina Faso. Yawancin motocin da ke bin ta na hannu ne, waɗanda aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Lome bayan sun sha aiki a Turai. Nan ne ya fi dacewa a auna wata tsohuwar jayayya ta masu zana motoci: da yawan ado kamfani ke kafa sunansa, ko da kame hannu? Tashoshin Sokode da Dapaong sun nuna cewa siffa mai sauƙi, wadda ba a sauya ta kowace shekara, ita ke riƙe sunan kamfani.

Peugeot 504 ta fito a 1968, da hannun gidan zane na Pininfarina na Italiya, aka kuma ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har cikin shekarun 2000, dattawa kuwa har yau daga nesa suke gane ta. Toyota Land Cruiser 70 tana nan kusan yadda ta fito a 1984. Hiace da ke jigilar fasinja akwati ce mai tagogi, amma ko yaron mota ba ya haɗa ta da wata. Bruno Sacco, wanda ya shugabanci sashen zane na Mercedes daga 1975 zuwa 1999, ƙa'idarsa ita ce kada sabuwar mota ta tsufar da wadda ta gabace ta. Da irin wannan natsuwa sunan Mercedes ya zama alamar arziki, har aka laƙaba wa attajiran mata masu fataucin atamfa a Lome "Nana Benz".

Dalilin yana garejin gyara. Ƙofa mai shafaffen jiki idan ta lotsa, mai gyaran bodi zai tara ƙarfe ta ciki, ya bubbuga da guduma, ya goge, ya fesa fenti, kafin la'asar mota ta koma layi. Ƙofa mai kaifafan layuka kuwa da wuya ta dawo daidai. Tsohuwar fitila ƙwanta kawai ake sauyawa, amma ta zamani mai zubin ido, wadda aka liƙe gaba ɗaya, sau da yawa sai an sayi sabuwa dungurungum, wataƙila a jira ta daga Lome. Motar da ke yawo da fitila ɗaya da bamba ɗaure da waya tana zubar da mutuncin tambarin da ke goshinta.

Wasu za su ce idan kowa ya rage ado, motoci za su zama iri ɗaya. Wannan tsoro ne ya sa Lexus ta faɗaɗa ragar gaban motocinta daga 2012, BMW ma ta ƙara girman tata a 2020. Sai dai abin da ya ja ido bana shi ke fara tsufa, alhali motar da za ta ƙare a Dapaong tana da sauran shekaru masu yawa a gabanta. Kamannin kamfani na cikin daidaiton tsawo da faɗi da zubin rufi, waɗanda ake gada daga samfuri zuwa samfuri. Wasu kuma za su ce mutanenmu masu son ado ne, ga manyan motocin dakon kaya nan da zane-zane da addu'o'i. Gaskiya ne, amma wannan adon mai mota ne, shi ya zaɓa, kuma shafaffen jiki ne ya ba shi filin rubutawa.

Babu musu, ƙarfin inji da samuwar kayan gyara sun fi siffa muhimmanci wajen farin jinin Toyota. Amma ba a raba su, domin samfurin da ya daɗe bai sauya ba, gilashinsa da ƙofarsa suna cika kasuwa, farashinsu ya sauka. Yanzu da kamfanonin Sin ke neman gindin zama a Afirka ta Yamma, ya kamata dillalai da direbobi su riƙa tambaya kafin su biya: idan wannan fitila ta fashe a Mango, nawa ce, kuma a ina za a same ta? Amsar ce za ta nuna ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.