Gargaɗi Ga Jama'ar Urno: A Ɗaure Karnuka, A Rufe Akurki, A Daina Jefa Mushen Kaza A Juji

Jama'ar Urno da ƙauyukan kewaye, da 'yan'uwanmu na Madawa, Buza da Keita, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. An gama girbi, hunturu ya kawo jiki, maza da yawa sun kama hanyar ci-rani, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Libiya. Karnukan da suka yi gadin gona da damina, da na samari 'yan farauta, an bar su ba mai ba su ko ƙanzo. Kare kuwa in yunwa ta kama shi, abin da ya fi kusa da bakinsa shi ne kajin tsakar gida.

Kazar nan da ake rainawa ita ce asusun mace. Da ita take sayen sabulu, da ita take biyan kuɗin magani in yaro ya kwana da zazzaɓi, ita ake yankawa in baƙo ya sauka. Uwar da mijinta ke nesa, in kare ya shiga ya karya mata kaza mai kwanci, ya tattake ƙwai, ya bi 'yan tsaki ɗaya bayan ɗaya, ya gama da jarin wata da watanni kafin a sauke tukunyar tuwo. Ɓarnar kare ba ta ɓuya. Shirwa ɗan tsako guda take sura ta tashi, muzuru da dare yake zuwa ya ɗauki ɗaya. Kare da rana tsaka yake shigowa, ya kama kaza a gadon baya ya girgiza, ya yar, ya bi ta gaba. Za a tarar da gashi ya watsu ko'ina, kaji uku ko huɗu a kwance, sau da yawa ko ci bai yi ba.

Masu kare, maganar ta fi shafar ku. Kada wani ya ce karena tare da kajin ya tashi, ba ya taɓa su. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, balle ga dabbar da ta kwana biyu ba ta ci ba, ta kuma shiga ayarin karnukan gari. Addini ya yarda a riƙe kare don tsaron gona da dabbobi da farauta, amma bai yarda a bar shi da yunwa ba, bai kuma yarda ya zama fitina ga maƙwabci ba. Wanda zai tafi ci-rani ya damƙa karensa ga wanda zai ciyar da shi. Wanda ke gida ya ɗaure nasa a inuwa, da ruwa a kasko, tun daga lokacin da ake sakin kaji da safe har su shiga akurki da magariba. In kuwa ya riga ya yi ɓarna, a je gaban maigari a biya mai kaza haƙƙinta, kada a tsaya musu har zumunci ya lalace.

Abin da ya fi damuna shi ne mushe. Da sanyi cutar kaji takan shigo gari, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil: kaza ta yi zugum, ta saki fukafukai, ta yi koren zawo, wuya ya murɗe, cikin 'yan kwanaki akurki ya zama wayam. Sai a kwashi matattun a watsar a juji ko bayan danga. Nan ne kare ke koyon ɗanɗanon kaza, da hannunmu muke koya masa. Ya ci na juji yau, gobe ya nemi mai rai. Ya kuma ja ragowar mushen daga wannan unguwa zuwa waccan, kajin da ke tona a wurin su kwashi cutar. Haka murar tsuntsaye ma ke iya yaɗuwa, kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, tun da aka tabbatar da ita a Magarya a watan Fabrairun 2006. Duk kazar da ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne ta, a danne da duwatsu, ko a ƙone ta ƙurmus, sannan a wanke hannu da sabulu. In mutuwar ta yi yawa lokaci guda, a sanar da ma'aikatan kiwo, a kuma tambaye su rigakafin Niyukasil tun kaji na da lafiya.

Iyayenmu mata, a duba akurki yau. Tsohon kwano da aka jingina a ƙofa aka tokare da dutse, kare da hanci yake ture shi. A sa ƙofar katako ko ta langa-langa mai sakata. Kare yana tona ƙasa ya shiga ta ƙarƙashi, don haka a jera duwatsu a gindin akurkin a yaɓe da laka. Dutse dai ba ya wuya a ƙasar Buza da Keita. A toshe ɓarakar darni da busasshiyar ƙaya. Kaza mai 'ya'ya a kife ta da babban kwando kusa da inda ake zaune.

Kada a sa guba. Naman da aka barbaɗa wa maganin ɓera ko na ƙwarin albasa ba ya zaɓen wanda zai ci: kaji za su tsattsaga, ungulu za ta sauka ta mutu, yaro mai rarrafe na iya kai hannu.

Kuma kada a tura yara su ƙwaci kaza daga bakin kare. Nan cizo ke faruwa, cizon kare kuwa na iya zuwa da ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yakan yi wata biyu ko uku a jiki shiru, in alamunsa suka fito kuma ba a tashi. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, kada a sa toka, barkono ko gashin karen, a kai shi asibiti a ranar don allura, ko da raunin ƙarami ne. Karen in an san mai shi a ɗaure shi a sa masa ido aƙalla kwana 10. In ya fara dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya gani, ko ya mutu a cikin kwanakin, a gaya wa likita da ma'aikatan kiwo ba tare da jinkiri ba, a kuma nemo duk wanda ya taɓa ciza a garin.