Sayen Kayan Tagulla a Birnin Benin: Abin da Ya Kamata Baƙo Ya Sani

Birnin Benin, hedkwatar Jihar Edo, yana daga cikin tsofaffin biranen ƙasar nan, kuma ba abin da ya fi jawo masa suna kamar aikin tagulla. Duk wanda ya sauka a garin da niyyar sayen tsaraba, shawarar da muke ba shi ita ce kada ya yi gaggawar shiga kasuwa. Ya fara da gidan kayan tarihi na ƙasa da ke dandalin King's Square, a tsakiyar gari, wanda aka buɗe a 1973. A nan ne idonsa zai saba da aikin magabata, har ya iya rarrabe mai kyau da na banza.

Mai ziyara zai lura cewa da yawa daga cikin shahararrun kayan Benin ba su nan. Dalili kuwa shi ne, a 1897 sojojin Ingila suka ci garin da yaƙi, suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa daga fadar Oba Ovonramwen. Fuskar Sarauniya Idia, wadda aka yi wa bikin FESTAC tambari da ita a 1977, tana cikin abin da aka kwashe. Sai a 2022 Jamus ta amince ta mayar wa Nijeriya mallakar kaya fiye da 1,000, Holan kuma ta dawo da 119 a 2025.

Daga gidan tarihi sai a gangara Titin Igun, unguwar maƙeran tagulla, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni. A dā Oba kaɗai suke yi wa aiki, amma yanzu kowa na iya saye. Kusan kowane gida yana da ɗakin baje koli a gaba, maƙera kuwa tana baya. Yadda suke aikin abin kallo ne. Da fari sukan gina siffar da yumɓu, su lulluɓe ta da kakin zuma, su zana ado a jikin kakin, sa'an nan su sāke rufewa da yumɓu. In an gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, sai a zuba narkakkiyar tagulla ta maye gurbinsa. Ba a fitar da aikin sai an fasa yumɓun, saboda haka da wuya a sami biyu da suka yi daidai. A yi ciniki kamar yadda aka saba, amma a tuna da kwanakin da maƙerin ya ɓata. Mai son murjani, ko atamfa, ko sassaƙen katako, sai ya leƙa Kasuwar Oba.

To, ga inda hankali ya kamata ya tsaya. Wani na iya jan baƙo gefe ya ce yana da “tsohon kaya” na fada. Galibi sabon aiki ne aka binne a ƙasa, ko aka shafa masa magani don ya yi duhu. In kuwa da gaske tsoho ne, abin ya fi muni, domin Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana saye ko sayar da kayan tarihi sai ta hannun wakilin da aka amince da shi. Aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 yana cikin wannan hukunci. Hauren giwa ma a nisance shi, don tun 1990 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Wanda ya sayi sabon aiki ya karɓi rasit mai ɗauke da sunan maƙerin. In zai fita da shi ƙasar waje, ya kai shi ofishin Hukumar a duba, a ba shi takardar izni kafin ranar tafiya, don kada jami'an kwastan su riƙe kayan a filin jirgin sama.