Agogo a Wasan Ces: Daga Landan Zuwa Wayar Hannu

Yau shirin namu zai leƙa wasan ces ne, darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai, wadda matasa ke bugawa a wayoyinsu ta intanet. Amma ba dabarun wasan za mu duba ba. Agogo za mu duba.

Ku biyo ni zuwa Landan, shekarar 1851, inda aka yi gasar ces ta ƙasa da ƙasa ta farko. A lokacin babu agogo ko ɗaya. Ɗan wasa zai dafe haɓa, ya zuba wa allo ido, abokin karawarsa na zaune yana jira, rana ta yi ta tafiya. Akwai wani Bature mai suna Elijah Williams da ya yi ƙaurin suna wajen wannan nawa. Howard Staunton, wanda shi ya shirya gasar, ya yi ta kokawa da shi, kuma abin da ya fi ba ni mamaki, Williams ɗin ne ya doke shi ya karɓe matsayi na uku. Haƙuri kenan ya zama makami.

Daga nan aka fara auna lokaci da yashi a cikin kwalba, sannan a 1883 aka kawo agogo mai fuska biyu: ka yi tafiyarka, ka tsayar da naka, na abokinka ya kama gudu.

To yau fa? A shafuka irin su Chess.com da Lichess, mutum ne ke zaɓar saurinsa. Akwai wasan minti goma, akwai na minti uku ko biyar, akwai kuma wanda suke kira harsashi, minti ɗaya kacal ga kowane ɗan wasa. Minti ɗaya, masu sauraro! Yatsa ke wasa a nan, ƙwaƙwalwa na biye da ita a baya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a wajenmu sabis ɗin waya ba ya da tabbas. Ka fi abokinka iya wasa, ka kusa kama sarkinsa, sabis ya ɗauke na daƙiƙa biyar, lokacinka ya ƙare, ka sha kashi. Maganin wannan, Bobby Fischer na Amurka ne ya fito da shi, aka yi amfani da agogonsa a karawarsa da Boris Spassky a 1992: duk tafiyar da ka yi, a ƙara maka 'yan daƙiƙoƙi.

Lokacinmu ya ƙure. Idan kana koyon wasan, ɗan'uwa, ka bar harsashi tukuna. Zaɓi minti goma, ko biyar da ƙarin daƙiƙa uku.