Kirafish Ɗin Miyarmu Da Jatan Landen Da Ke Gadin Kogi

Duk wanda ya taɓa zama jarrabawar gwaji ta Bayoloji ya san ɗan jan abin nan da ake ajiye wa ɗalibi a faranti, a ce ya zana shi, ya rubuta sunayen gaɓoɓinsa. Mu ma mun zana, mun rubuta kirafish a ƙasa, aka ba mu maki. Sai da muka shiga jami'a muka gane cewa abin da muka zana, wanda iyayenmu mata ke dakawa su zuba a miyar kuɓewa, ba shi ne kirafish ba a wurin masana. Ƙananan jatan lande ne da ake kamawa a bakin teku, musamman a Akwa Ibom da Kuros Riba, a kyafe su, a ɗuro su a buhu zuwa kasuwanninmu. Suna ne kawai ya bi su.

Kirafish na gaskiya a ruwan daɗi yake zaune: rafi, tafki da fadama. Akwai nau'o'insa fiye da 600, mafi yawansu a Arewacin Amurka, sai Ostireliya. A faɗin Afirka babu kogin da ke da nasa na asali, in ka cire tsibirin Madagaska. Mu ƙaguwa da jatan lande Allah ya ba kogunanmu.

Ƙafafunsa goma ne. Biyu na gaba manya ne, kamar awartakin maƙeri, da su yake kama abinci da kuma faɗa. Sauran takwas na tafiya ne. Idan ya tsorata ba ya tsayawa juyawa, sai ya naɗe wutsiya da ƙarfi ya zabura da baya. Ba shi da ƙashi a ciki, ɓawon jikinsa ne ƙashinsa, kuma ɓawon ba ya girma. Dole sai ya yi saɓa kamar maciji kafin ya ƙara jiki. Nan ne abin ya fi burge mu. Kafin saɓar, yakan janye sinadarin kalsiyam daga tsohon ɓawon, ya tara shi ya zama wasu 'yan duwatsu biyu farare a jikin tumbinsa. Da ya fita daga tsohuwar rigar, jikinsa taushi kamar tsoka, sai duwatsun su narke su taimaka wajen ƙarfafa sabuwar. Sau da yawa ma yakan cinye tsohon ɓawon, don kada a yi asara. Idan ƙafa ta cire masa a faɗa, wata na tsirowa a hankali, saɓa bayan saɓa. Macen kuwa a ƙarƙashin wutsiya take riƙe ƙwayayenta, kuma ko bayan ƙyanƙyasa 'ya'yan kan manne mata na ɗan lokaci, sai ka ce goyo.

Ba ya zaɓen abinci. Ruɓaɓɓen ganye, ciyawar ruwa, mushen kifi, ƙwan kwaɗi, duk yana ci. Yana kuma cin dodon koɗi, kuma daga nan ne labarinsa ya shafe mu.

Da yawanmu mun san yaron da ya taɓa yin fitsarin jini bayan ya saba wanka a kududdufi ko a magudanar noman rani. Tsargiya ke nan. A wasu garuruwan har ana ɗaukar ta alamar balaga ga yaro, alhali cuta ce, kuma Najeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan masu ɗauke da ita. Wata tsutsa ce ke kawo ta. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, su shige jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi na ruwa, su hayayyafa a can, sannan su fito dubbai su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ba sai an sha ruwan ba, tsoma ƙafa ma ya isa. In babu dodon koɗin nan, tsutsar ba ta da hanyar isowa ga mutum.

To, me zai hana a kawo kirafish daga waje ya cinye mana su? Mu ma tambayar da ta fara zo mana ke nan. Sai dai wasu sun riga mu sakin baƙon a ruwansu, kuma sun ji a jikinsu. A shekarar 1970 aka zuba jan kirafish na jihar Luwiziyana ta Amurka a Tafkin Naibasha na Kenya, da nufin a riƙa kamawa ana sayarwa. Ya hayayyafa, ya bi bado da sauran tsirran tafkin da ci, wuraren da ƙananan kifaye ke fakewa suka ragu, ga shi yana lalata kifin da ya faɗa komar masunta. A Masar ma, inda ya shiga Kogin Nilu a shekarun 1980, manoma sun koka da yadda yake haƙa ramuka a gefen magudanan ban-ruwa. Gaskiya ne yana rage dodon koɗi, masu bincike a Kenya sun tabbatar da haka. Amma dabbar da aka saka a kogi ba ta kiranyuwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Darasin da ya fi kusa da mu daga Senegal ya zo. A Kogin Senegal akwai wani babban jatan lande na asali, mai dogayen hannuwa, wanda ake samu a kogunan Afirka ta Yamma har da na kudancin Najeriya. Rayuwarsa tafiya ce: macen takan gangara bakin teku, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri, domin a nan ne kawai 'ya'yanta ke iya rayuwa. Idan sun yi ƙwari sai su hauro kogi, suna tafe suna cin dodon koɗi. A shekarar 1986 aka kammala madatsar ruwa ta Diyama kusa da bakin kogin, don hana ruwan gishiri shiga gonaki. Manufar mai kyau ce, noman shinkafa ya bunƙasa. Amma madatsar ta datse wa jatan landen hanya. Ya kusan ɓacewa daga saman kogin, ruwa ya kwanta, ciyayi suka cika shi, dodon koɗi ya samu sake. Cikin 'yan shekaru tsargiya ta ɓarke a yankin, har garin Richard Toll ya yi suna a duniya saboda yawan masu ita.

Daga baya masu bincike suka killace wani mashigin ruwa na wani ƙauye da raga, suka mayar da jatan landen ciki. Sakamakon da suka fitar a 2015 ya nuna cewa dodon koɗi mai ɗauke da cutar ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100, mutanen ƙauyen kuma sun rage sake kamuwa bayan shan magani. Ƙauye ɗaya ne, bai isa a yanke hukunci a kan kogi duka ba. Amma a ganinmu ya isa ya sa duk mai shirin datse kogi ya fara tambayar wace halitta ce ke bin wannan hanya, kuma aikin me take yi wa mutane ba tare da sun sani ba. Wataƙila cikinku akwai injiniyan da wata rana za a miƙa wa irin wannan aiki.

Kafin nan, ga hutun damina na ƙaratowa, kududdufai za su cika. Mun san daɗin iyo, ba za mu yi muku ƙarya ba. Amma ruwan da ya kwanta, mai ciyayi a baki, shi ne gidan dodon koɗin. In kuna son ganinsa, ku sa sanda ku juya ganyen bado daga tudu, za ku iya tarar da shi manne a ƙasan ganyen, bai wuce ƙwayar wake ba. Kada ku yi fitsari a ruwan. Wanda kuma ya ga jini a fitsarinsa, kada kunya ta sa ya ɓoye. Ya gaya wa iyayensa a kai shi asibiti. Maganin ƙwaya ne da ake kira firazikwantel, ana auna shi da tsawo ko nauyin yaro, kuma a jihohi da dama ana raba shi kyauta a makarantu.